MOTAR FETUR TA ZAMANIN YAƘI: AIKIN HANNU GA MAKARANTUN GORON DUTSE

Kowane malamin makaranta ya san akwai darussa biyu waɗanda yara ba su cika ɗaukarsu da daraja ba, watau tarihi da aikin hannu. Tarihi sun mai da shi abin haddacewa, a zube shi bisa takardar jarrabawa a huta. Aikin hannu kuwa, a makarantu da yawa da na zaga, sa'arsa ta koma ta sharar fili, ko kuwa a ce kowane yaro ya kawo tsintsiya daga gida a ba shi maki. Abin da na ke so in nuna wa 'yan'uwana malamai shi ne yadda za a gama darussan nan biyu, a ƙara musu lissafi, bisa aiki guda wanda tsawonsa bai wuce taƙi ba. Aikin shi ne a ɗauki 'yar motar soja ta roba, irin wadda a ke sayarwa gutsi-gutsi cikin kwali domin a harhaɗa, a mai da ita motar ɗaukar fetur ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Na yi misali da makarantun Goron Dutse ne domin yaran unguwar suna da abin da wasu ba su da shi. In sun hau dutsen suka dubi arewa maso gabas, a kan idonsu jirage ke gangarawa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, labarin wannan mota kuwa da filin nan ya ke tafiya.

YADDA YAƘI YA BIYO TA KANO

Yawancin yaranmu sun ɗauka Yaƙin Hitila a Turai kaɗai aka yi shi, in an matsa su ce kakanninmu sun je Bama. To, ga abin da ya kamata su sani.

A watan Nuwamba na 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, su ne na farko da aka gani a ƙasar nan. Shugaban tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A 1936 kuma jiragen kamfanin Imperial Airways suka soma zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Saboda haka kafin yaƙi ya tashi a 1939, an riga an san hanyar.

A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi wajen Jamus, Faransa kuma ta fāɗi. Nan da nan Bahar Rum ta zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuwa sojojinsu na Masar suna bukatar jiragen yaƙi. A kewaya da su ta Afirka ta Kudu cikin jirgin ruwa, tafiyar makonni ce masu yawa. Sai aka yi dabara. A kan kawo jirage a wargaje cikin manyan akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wadda mu ke kira Gana yau, a harhaɗa su a can, sa'an nan su tashi da fikafikansu su ratsa Afirka: Takoradi, Ikko, Kano, Maiduguri, Fallomi wadda ta koma Injamena, Janaina, Fashir, Hartum, har Alkahira. Tafiyar ta kusa mil 3,700, a kan yi ta cikin kwana shida ko makamancin haka. Abin da ya sa ta yiwu shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940, ya buɗe ƙasarsa ga Ingilishi, alhali Nijar da ke arewa da mu tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus.

Ayari na farko ya tashi a watan Satumba na 1940, ƙananan jirage shida ƙirar Hurricane suna bin babban jirgi guda ƙirar Blenheim mai nuna musu hanya. Daga nan zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan turba, duk a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Wani abin mamaki kuma, Coningham ɗin nan da ya fara sauka Kano a 1925, shi ne daga 1941 ya shugabanci rundunar jiragen saman Ingila a hamadar Masar da Libiya, wadda a ke kai wa jiragen.

ABINCIN YAƘI

To, jirgi ba ya cin ciyawa. Duk wanda ya sauka Kano sai an cika cikinsa kafin ya nufi gabas, kuma a lokacin ko ɗigon fetur ba a haƙa a Nijeriya, domin ba a sami mai a Oloibiri ba sai 1956. Kowane galan daga ƙetare ya zo cikin jirgin ruwa, aka sauke shi Ikko, ya hau jirgin ƙasa mil 700 zuwa Kano, inda dogo ya iso tun 1911. Maiduguri kuwa dogo bai kai ta ba sai 1964, saboda haka nata fetur a bayan mota ya ƙarasa, cikin ganguna da garewani, ta hanyar ƙasa mai yashi da rani, mai taɓo da damina. Jamus sun san darajar wannan mai. A watan Janairu na 1942 jirginsu guda ya ratso hamada daga Libiya ya jefa bom a filin Fallomi, ya ƙona fetur mai yawa da aka sha wuya wajen tarawa.

Sojan ƙasarmu ma sun ga aikin fetur da idonsu. Ran 25 ga Fabrairu 1941 Birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu, aka tarar Italiya sun gudu sun bar mai jibge. Da man nan aka cika motoci, suka bi abokan gaba fiye da mil 700 cikin kwana 17 har Jijiga ta ƙasar Habasha. Janar Rommel na Jamus kuwa, rashin fetur na cikin abubuwan da suka karya shi a El Alamein a ƙarshen 1942.

Akwai kuma abubuwa biyu da kowane yaron Kano ya sani, amma bai san suna da labari ba. Na farko garwa, wadda 'yan garuwa suka sami suna daga gare ta. Asalinta mazubin kananzir da fetur ce mai cin galan 4, da ita Ingilishi suka shiga yaƙi, suna jera biyu-biyu cikin akwatin katako. Kwanonta ba kauri, in mota ta sha gargada sai ta tsage, mai ya tsiyaye a hanya. Na biyu jarka. Jamus suka ƙago ta kafin yaƙi, tana cin lita 20, ga hannu uku, ga ƙwari. Da Ingilishi suka kama ta a hamada suka ga ta fi tasu, sai suka kwaikwaya, suka laƙaba mata sunan da su ke kiran Jamusawa da shi, watau Jeri. Daga nan kalmarmu ta jarka ta fito.

MOTAR DA KWALINTA

Motar da na zaɓa ita ce Bedford ƙirar QL, wadda aka ƙera a Ingila daga 1941 zuwa 1945, guda 52,000 da 'yan kai. Tana ɗaukar tan 3, ƙafafunta huɗu duka suna ja, direba kuma bisa inji ya ke zaune, saboda haka ba ta da dogon hanci. Yawancinsu na ɗaukar kaya ne da soja, amma an ɗora wa waɗansu tanki da famfo domin shayar da jirage a filayen sojan sama na Ingila.

Kamfanoni da dama suna yin kwaikwayonta da roba. Airfix na Ingila yana da ita a ma'aunin 1 bisa 76, har yana da kwali mai motocin mai biyu, Bedford da AEC. Wani kamfani na ƙasar Folan mai suna IBG yana yin ta a ma'aunin 1 bisa 35, ma'aunin da kamfanin Tamiya na Jafan ya yaɗa cikin duniya. Ga aikin makaranta 1 bisa 35 ya fi, domin na 76 ya yi ƙanana ga yatsun yara. Kuma ta ɗaukar kaya za a nema, kada a sayo wadda ta zo da tankinta. Wanda ya sayi tanki a shirye ya sayi amsar lissafin tun kafin a yi tambaya, ilimin kuwa duk cikin ƙera tankin ya ke.

LISSAFI KAFIN ALMAKASHI

Kada malam ya bari a taɓa reza sai an gama aikin allo. Da fari yara su gane ma'anar 1 bisa 35: kowane tsawo na babbar mota a raba shi gida 35. Tsawon motar ya kusa mita 6, saboda haka tamu za ta zama milimita 171. Faɗinta mita 2.26, tamu milimita 65. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai koma milimita 49. Su auna gutattsarin kwalin da rula su gani ko masu kamfani sun yi gaskiya.

Sa'an nan a tambaye su, galan nawa ya kamata tankin ya ci? Za su ce a yi shi babba iyakar yadda bayan mota zai ɗauka. Nan malam zai tuna musu motar tan 3 ce, watau kilo 3,000 da ɗoriya kaɗan. Litar fetur nauyinta wajen giram 720 ne, ba ta kai litar ruwa ba. In aka raba, za a sami lita 4,200 ko kusa da haka. Galan na Ingila lita 4.546 ne, ke nan galan 930. Tankin da aka ɗora wa motar na gaske kuwa kimanin galan 950 ya ke ci, watau lita 4,320. Yaro ya gano da alƙalaminsa dalilin da ya sa maƙera suka tsaya inda suka tsaya. A ƙara masa da cewa tankunan jikin Hurricane galan 94 su ke ci, ban da na ƙari da a ke rataya mata domin doguwar tafiya, sai ya faɗi da bakinsa cewa mota guda ta ishi jirgi 10.

Ga tambayar da ta fi kowace kama manya da yara: in tankin gaske na cin lita 4,320, namu nawa zai ci? Kusan kowa zai raba da 35 ya ce lita 123, ya manta abin da ke gabansa bai kai kofin shayi ba. Tanki ya ragu ne ta wajen tsawo, ya ragu ta faɗi, ya kuma ragu ta tsayi, saboda haka sai a raba da 35 sau 35 sau 35, watau 42,875. Amsa ita ce mililita 100, ushirin lita ke nan. Wanda ya sha wannan kaye sau ɗaya ba ya sāke rikita tsawo da abin da ciki ke ɗauka, ko a taswira, ko a awon rumbu, ko a tankin ruwan da ke bisa Goron Dutse.

Yanzu sai a nemi siffar da za ta ci mililita 100. Tankin mai ba a cika yin sa da'ira sosai ba, a kan ɗan danne shi ya yi siffar ƙwai a kwance, domin nauyi ya sauko ƙasa, kada mota ta kife a kwana. In muka ba namu faɗin milimita 50, tsayi 30, tsawo 85, lissafi zai ba mu mililita 100 daidai. A auna bayan 'yar motar a tabbata akwai wurin wannan tsawo, da saura kamar milimita 20 a ƙarshe domin ɗakin famfo.

Zana siffar ƙwan ba ya bukatar kome sai allura biyu da zare. A ja layi, a kafa allurai biyu bisa kansa, tsakaninsu milimita 40. A ƙulla zare ya zama zobe mai kewayen milimita 90, a zarga shi ga alluran, a sa bakin fensir a ciki a ja ya miƙe, a kewaya. Abin da zai fito faɗinsa 50 ne, tsayinsa 30. Malamin lissafi na manyan azuzuwa zai lura 15 da 20 da 25 ne ke ɓoye a ciki, watau alwatikar nan ta 3 da 4 da 5 wadda magina ke daidaita kusurwar ɗaki da ita.

AIKIN KANSA

Da fari a harhaɗa gindin mota da ƙafafu da inji da gidan direba yadda takardar kwali ta nuna. Bodin kaya da tamfol ɗinsa a ajiye su gefe, kada a jefar, za su yi amfani. Abin da zai rage a baya shi ne dogayen ƙarafa biyu da jikin mota ke zama a kansu.

A yanka siffar ƙwan nan guda huɗu daga tsohon katin roba ko kwali mai kauri. Biyu su ne murafen gaba da baya. Biyu kuma a huda musu ramuka a jera su a ciki, su riƙe tankin kada ya lotse. Tankin gaske ma yana da irin waɗannan shamakai, domin su karya ƙarfin mai in ya yi tambal-tambal sa'ad da direba ya taka birki. Duk wanda ya taɓa ganin an jefa ƙoƙo ko ganye bisa ruwan da aka ɗauko a ka ya san wannan hikima.

Fatar tanki daga gwangwanin lemo za a same ta. Malam da kansa zai yanke kai da gindi da almakashi, ya buɗe shi ya goge bakin da magagari, domin yana da kaifi. A fitar da yanki mai tsawon milimita 85 da faɗin 133, watau 128 na kewaye da 5 na haɗi. A naɗe shi bisa katunan, haɗin ya koma ƙasa inda ido ba ya gani. Gam ɗin da a ke liƙa robar kwali ba ya kama gwangwani, sai a nemi gam mai ƙarfi irin wanda a ke gauraya kala biyu. Kafin a rufe murfin ƙarshe a cika tankin da busasshen rairayi mai laushi, a juye cikin kofin awon magani. In an sami tsakanin mililita 90 da 100, aiki ya yi kyau, abin da ya ragu kaurin katunan ne ya cinye. Gani ya kori ji.

Sai a yi wa tankin matashi uku na katako ko roba, ƙasansu a miƙe, samansu a fafe daidai cikinsa, a liƙa su bisa ƙarafan gindi. A ɗaure shi da siraran ɗamara na gwangwani. A samansa a liƙa maɓallan riga biyu masu faɗin milimita 13 su zama murafen da a ke zuba mai, a shimfiɗa siririn dandamali na kati a gefensu inda ma'aikaci ke takawa, da ɗan tsani na wayar tagulla. Waya mai kaurin milimita 1 daidai ta ke da bututun milimita 35 a babbar mota, saboda haka kada a sa wadda ta fi haka, sai tsanin ya zama kamar na gini. A baya a gina ɗan akwati mai ƙofa biyu, shi ne ɗakin famfo. Mesa kuwa siririyar wayar lantarki mai baƙar riga ta isa, a naɗe ta a gefe.

Akwai ƙananan abubuwa huɗu da su ke bambanta motar mai da tankar ruwa, kuma su ne ainihin darasin. Na ɗaya, salansa: a yanke ta a juyo da bakinta gaba, nesa da tanki, domin zafinta da tartsatsinta. Na biyu, allon ƙarfe tsakanin gidan direba da tanki. Na uku, tukwanen kashe gobara, a yi su da guntun tsinken tsire a rataya inda hannu zai kai da sauri. Na huɗu, siririyar waya wadda a ke maƙala wa jikin jirgi kafin a buɗe famfo. Mai in yana gudu cikin mesa yana tara lantarki, irin wanda mu ke gani yana ƙyasƙyas jikin bargo da dare lokacin hunturu, ƙyas ɗaya kuwa ta isa ta tashi mota da jirgi. Wayar nan ita ke janye shi.

Wajen fenti, motocin da suka yi aiki a ƙasashen hamada launin rairayi a kan shafa musu. A tsarma fenti ya yi ruwa-ruwa, a shafa sau uku, kowane a bar shi ya bushe, ya fi a lafta sau ɗaya ya cike zane. A rubuta 100 a gefen tanki, lambar ƙarfin man jiragen yaƙi ke nan, wanda a kan rina shi kore domin kada a rikita shi da na mota. Daga ƙarshe a daka jar ƙasa ta yi gari, a shafa da busasshen burushi ga tayoyi da gindi, a ɗan ja baƙi-baƙi daga bakin murfi zuwa ƙasa inda mai ke zuba. Motar da ta kwana uku a Kano da rani ba ta zama fes, kowa ya sani.

IN KWALI YA GAGARA

Na san abin da malamai za su ce: kwalin daga ƙetare a ke sayo shi ta intanet, kuɗinsa kuwa ba na wasa ba ne. Gaskiya ne. Amma kwali guda ya ishi makaranta, domin shi abin koyi ne kawai. Yaranmu tun kaka da kakanni suna ƙera motar kara da ta langa-langa da ta gwangwani ba wanda ya koya musu, abin da suka rasa shi ne rula. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, yara shida ko bakwai, ƙungiya ɗaya ta yi ta roba, saura su auna tata su ƙera tasu da kara da kwali da waya, duk a ma'auni guda. Ranar da aka jera su, wadda ta kauce wa awo da kanta za ta tona asirin masu ita.

Bodin kayan nan da aka ajiye kuma a ɗora shi bisa ɗaya daga cikin motocin kara, a cika shi da ganguna, domin a tashoshin daji da ganga da garwa da famfon hannu aka yi yawancin aikin. Ganga mai cin galan 44, watau lita 200, za ta zama milimita 25 a tsaye, kauri 17, guntun karan dawa ya yi daidai, a ɗaura masa zare biyu su zama ƙusoshin jikinta. Garwa milimita 7 da 7 da 10, jarka 13 da 10 da 5, a yanka su daga tsohon silifa. A tambayi yara ganga nawa motar tan 3 za ta ɗauka, in kowace da manta ta kai kilo 165. Amsa 18. Aikin duka mako shida ya ishe shi, sa'a biyu kowane mako.

ABIN DA YA FI MOTAR MUHIMMANCI

Wani zai ce duk wannan wasan yara ne. To, a tuna da daren 15 ga Oktoba 2024, sa'ad da tankar fetur ta fāɗi a garin Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, jama'a suka taru da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. A watan Janairu na 2025 irin haka ta sāke faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Talauci na cikin abin da ke kai mutane bakin tanka, ba mai musun haka. Amma da yawa ba su san cewa tururin fetur ya fi ruwansa haɗari ba, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana malala kamar ruwa ba a ganinsa, har ya iske wuta ko tartsatsi a nesa, wutar ta biyo shi ta komo.

Yaron da ya juya salansa da hannunsa, ya rataya tukunyar kashe gobara, ya maƙala wayar nan yana sane da dalilinta, ya san sojan da ke tsakiyar yaƙi ma tsoron fetur su ke yi. In ya ga tanka a kwance bakin titi, guje mata zai yi, ya ja ƙannensa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Domin haka kuma kada malam ya kuskura ya kawo fetur aji, ko da cikin murfin kwalba ne. A yi aikin gam da fenti inda iska ke shiga, reza kuma ta zauna hannun malam.

Saura ku ma'aikatan ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi, masu riƙe da littafin kuɗi da na sito. In takardar shugaban makaranta ta zo gabanku yana neman rula 40 da almakashi da gam da gwangwanin fenti biyu, kada ku tura ta ƙarƙashin tari domin an rubuta aikin hannu a kanta. Ku kuma malaman da ke koyar da masu shirin zama malamai, ku sa ɗalibanku su ƙera motar nan da kansu kafin su fita koyarwa, domin wanda bai taɓa yanka gwangwani bisa awo ba, ba zai tsaya gaban yara 60 ya sa su yi ba. Makarantar da ta gama tata, ta ajiye ta ofishin shugaba tare da taswirar hanyar Takoradi zuwa Alkahira da takardar lissafin yaran, iyaye su gani ranar taro. Allah ya sa mu dace.